Ƙwaya Ɗaya, Zukata Daban-daban: Tarihin Wata Tambaya a kan Beta-buloka

A shekarar 1964 ne James Black, wani likita ɗan Sukotland da ke aiki da kamfanin ICI a Ingila, ya fito da maganin da aka sa wa suna propranolol. Kafin shi, masu neman maganin ciwon ƙirjin da ke kama mai cushewar jijiyoyin zuciya hankalinsu na kan abu guda, wato yadda za a buɗe jijiyoyin jini ya ƙaru. Black ya ɓullo wa lamarin ta wata fuska. Idan an kasa ƙara wa zuciya jini, to a rage mata aiki, buƙatarta ta ragu. Abin da ke zaburar da zuciya lokacin tsoro ko fushi ko hawan tudu shi ne sinadarin adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin. Tun a 1948 kuwa Raymond Ahlquist, wani masani a jihar Jojiya ta Amurka, ya nuna cewa waɗannan sinadarai suna isar da saƙonsu ne ta makarɓai iri biyu da ke jikin gaɓoɓi, ya kira su alfa da beta, kuma na beta ne ke hanzarta zuciya. An yi kusan shekara goma ba wanda ya waiwayi aikin nasa. Black ya waiwaya, ya haɗa maganin da zai zauna a kan makarɓin beta ya hana saƙon shiga. Shi ne beta-buloka na farko da ya karɓu. Ba a jima ba Brian Prichard a Landan ya lura cewa yana sauke hawan jini ma, kuma a 1988 aka ba Black kyautar Nobel.

Sai dai tun maganin yana sabo likitoci suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Mutum biyu, ciwo ɗaya, ƙwaya ɗaya: wannan ya samu sauƙi, wancan kamar ruwa ya sha, wani kuma na uku jiri ya kwashe shi. Shekara sittin ke nan ana bin sawun dalilin, kuma kusan kowane zamani ya zaci shi ne ya kamo bakin zaren.

Ƙorafi na farko da ya yi tashe daga Jamaika ya fito. A 1968 likitoci biyu, Humphreys da Delvin, suka rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa propranolol bai tsinana wa masu hawan jini 'yan Jamaika abin kirki ba. A 1971 Seedat da Reddy suka kawo makamancin labarin daga Afirka ta Kudu. Bayani mai kama hankali ya zo a 1972 daga ɗakin binciken John Laragh a New York. Ƙoda tana sakin wani sinadari, renin, wanda ke sa jijiyoyi su matse jini ya hau, kuma makarɓin beta ne ke umartar ƙodar ta sake shi. Mai renin da yawa, propranolol kan sauke masa jini sosai. Mai renin kaɗan kuwa, wanda hawan jininsa ya fi alaƙa da gishiri da ruwan da jiki ke riƙewa, ba ya ganin wani canji. Ƙarancin renin ya fi yawa a tsakanin baƙar fata da kuma tsofaffi na kowane jinsi. Gwaje-gwajen asibitocin tsofaffin sojojin Amurka na 1982 da 1993 sun ƙarfafa wannan: a jimlace, baƙar fata sun fi samun sauƙi da maganin sa fitsari ko diltiazem fiye da beta-buloka shi kaɗai.

Daga nan magana ta bazu cewa beta-buloka ba ya yi wa baƙar fata aiki, kuma ta zauna a bakin ɗalibai da malamansu fiye da yadda hujjarta ta kai. Binciken a kan hawan jini aka yi shi, ba a kan kowane ciwon zuciya ba. Kuma idan aka haɗa beta-bulokan da maganin sa fitsari, bambancin kan ragu ƙwarai. A 2004 Ashwini Sehgal ya tattara gwaje-gwajen da aka yi ya sake lissafi, ya samu cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na farare da baƙaƙe saukar jininsu da beta-buloka iri ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin baƙi da baƙi ta fi wadda ke tsakanin baƙi da fari. A ganina wannan jumla ta Jamaika ta hana mutane da yawa maganin da zai amfane su, domin launin fata ya fi sauƙin gani a kan renin, likita mai layin marasa lafiya kuwa abin da ya fi sauƙin gani shi yake kamawa.

Amsa ta biyu daga hanta ta fito, kuma ta hanyar da ba wanda ya shirya. A 1975 Robert Smith, masanin magunguna a makarantar likitanci ta asibitin St Mary's da ke Landan, yana bincike a kan debrisoquine, wani maganin hawan jini da ba dangin beta-buloka ba ne. Shi da abokan aikinsa suka sha maganin don su ga yadda jiki ke sarrafa shi. Smith ya sha miligiram 32. Cikin awa biyu jininsa ya faɗi, da ya miƙe sai jiri ya mayar da shi ƙasa, kuma ya kwana biyu bai dawo daidai ba. Sauran da suka sha tare da shi suna ta harkokinsu. Da aka auna fitsarinsa sai aka ga maganin ya fito kusan yadda ya shiga. Hantarsa ba ta taɓa shi ba. A 1977 suka buga sakamakon gwada mutum 94, inda aka samu uku irinsa, aka kuma bi danginsu aka ga abin gado ne. A daidai wannan lokaci Michel Eichelbaum a birnin Bonn na Jamus ya ci karo da abu ɗaya a kan wani magani dabam, sparteine. Daga baya aka gane sinadarin hanta guda ne ke narka su duka biyun, wanda yau ake kira CYP2D6, kuma tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da shi kwata-kwata.

A 1982 Martin Lennard da abokansa a Sheffield suka nuna cewa metoprolol, beta-bulokan da aka haɗa a Suwidin wanda ya zama cikin mafi yawan amfani a duniya, ta wannan hanya yake bi. Wanda ba shi da sinadarin, maganin kan taru masa a jini ninki da dama, kuma yakan riƙe masa zuciya har awa 24 bayan ya sha, alhali a jikin wasu ya daɗe da sanyi. Ga bayanin mutumin nan da ake ba ƙwaya ɗaya bugun zuciyarsa ya sauko ƙasa da hamsin a minti, hannuwansa su yi sanyi, ya riƙa cewa ba ya jin ƙarfin jikinsa.

An zaci an gama. Sai labari ya zo daga Nijeriya. A 1986 Iyun, tare da su Lennard, suka gwada metoprolol da debrisoquine a kan 'yan Nijeriya masu lafiya, suka rasa rabuwar nan gida biyu da ake gani a Turawa, ta masu narkarwa da marasa narkarwa. Ma'aunin da aka yanka a Landan bai zauna wa mutanenmu ba. Shekara goma aka yi kafin a fara gane dalili. A 1996 Collen Masimirembwa, ɗan Zimbabuwe, ya gano wani nau'i na ƙwayar gadon CYP2D6, na 17 a jerin, wanda ruwan dare ne a tsakanin Shonawa da sauran al'ummun Afirka amma da wuya a same shi a Turai. Mai shi yana narka magani, amma a hankali, kuma jinkirin ya danganta da irin maganin. A wannan shekarar dai Eleni Aklillu da abokanta suka samu kishiyar haka a Habasha: kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka gwada suna ɗauke da ƙwayar gadon a maimaice, kwafi biyu ko fiye, hantarsu na cinye magani da gaggawa. Nahiya ɗaya, fata ɗaya a idon baƙo, amma ɗan Harare da ɗan Adis Ababa suna iya zama a ƙarshe biyu na ma'auni. Ban san wata hujja da ta fi wannan rusa ɗabi'ar cusa Afirka duka cikin layi guda na takardar magani ba.

Hanta kuma ba gado kaɗai ke juya ta ba. Magungunan damuwa irin su paroxetine da fluoxetine suna danne CYP2D6, har mai cikakken sinadari ya koma tamkar marar shi muddin yana shansu. Atenolol kuwa bai damu da hanta ba, ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka tsohon da ƙodarsa ta yi rauni shi ne maganin kan taru masa a jiki.

Akwai wani ƙaramin bincike na 1989 da ya cancanci a tsaya a kansa. A jami'ar Vanderbilt, Hong-Hao Zhou da Alastair Wood suka ba maza 'yan asalin Sin goma da fararen Amurka goma propranolol. Jikin Sinawan ya fi saurin kawar da maganin, don haka abin da ke jininsu bai kai na fararen ba. Amma duk da haka zuciyarsu ta fi lafawa, kusan ninki biyu. Ma'ana ko an san adadin maganin da ke yawo a jini, ba a san abin da zuciya za ta yi da shi ba. Dole aka koma kan makarɓin kansa.

Kafin a kai can, sai da wani babban juyi ya auku. Littattafan likitanci na wancan zamani sun haramta ba mai gazawar zuciya beta-buloka, kuma dalilinsu a fili yake: mutumin da ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matasai uku, yana haki daga ɗaki zuwa zaure, yaya za a ba shi abin da zai ƙara rage wa zuciyarsa ƙarfi? A 1975 Finn Waagstein da abokansa a asibitin Sahlgrenska na Gothenburg suka ba da labarin marasa lafiya bakwai masu raunanniyar zuciya da saurin bugu, waɗanda suka ba beta-buloka kaɗan-kaɗan, suka kuma samu sauƙi. Mafi yawan likitocin duniya ba su yarda ba. A 1982 Michael Bristow a Stanford ya auna zukatan da aka cire wa mutane lokacin dashe, ya ga makarɓan beta a zuciyar da ta gaza sun ragu da kusan rabi. Jiki yana ta kwararo noradirenalin don ya tilasta wa zuciya aiki, zuciyar kuma tana janye makarɓanta don ta tsira. Jakin da ya gaji ne a kan tudu da kaya a bayansa, mai shi yana ta zuba masa bulala: zai ƙara taku biyu, amma faɗuwarsa ce ake kusantowa. Beta-buloka riƙe hannun mai bulalar yake yi.

Sai a ƙarshen ƙarni manyan gwaje-gwaje suka ba Waagstein gaskiya. A 1999 CIBIS-II, mai mutum 2,647 a kan bisoprolol, da MERIT-HF, mai mutum 3,991 a kan metoprolol, kowanne ya nuna raguwar mace-mace da kashi 34 cikin ɗari. A 2001 COPERNICUS ya nuna kashi 35 da carvedilol a tsakanin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Sharaɗin shi ne haƙuri. Ana farawa ne da ɗan mitsitsi, miligiram 1.25 na bisoprolol ko 3.125 na carvedilol, bayan an rage ruwan da ya taru a jiki, a riƙa ƙarawa bayan mako biyu-biyu. Makonnin farko mai ciwo kan ji kamar abin ƙaruwa yake yi, kuma a nan ne da yawa kan ajiye maganin su ce bai karɓe su ba.

A 2001 ɗin ne kuma gwajin BEST ya dagula lissafi. Mutum 2,708 aka gwada wa wani beta-buloka mai suna bucindolol a Amurka da Kanada, kuma a jimlace bai rage mutuwa yadda za a kafa hujja da shi ba. Da aka raba alƙaluman sai aka ga waɗanda ba baƙar fata ba sun amfana, baƙar fata kuwa, fiye da 600, ba su amfana ba. Tsohuwar maganar Jamaika ta sake tashi, wannan karon a kan ciwon da ke kisa. Da sauƙi dai, a shekarar Clyde Yancy ya nuna daga gwaje-gwajen carvedilol cewa baƙar fata sun amfana daidai da kowa. To me ya faru da bucindolol?

Stephen Liggett ya zo da amsa. Tun 1999 ɗakin bincikensa a Cincinnati ya gano cewa makarɓin beta na zuciya ba iri ɗaya ne a kowa ba. A gurbi na 389 na sarƙar da ta gina shi, wasu suna da arginine, wasu glycine, kuma mai arginine ya fi ƙarfin isar da saƙo nesa ba kusa ba. A 2006 shi da Bristow suka binciki ƙwayoyin gadon mutum 1,040 daga cikin mahalarta BEST. Waɗanda suka gaji arginine daga uwa da uba, bucindolol ya rage musu mutuwa da kashi 38 cikin ɗari. Masu glycine ba su samu komai ba. Nau'in glycine kuwa ya fi yawa a baƙaƙen Amurka fiye da farare. A 2008 Liggett ya ƙara da wani abin mamaki: kusan kashi 40 cikin ɗari na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da wani nau'i na sinadarin GRK5 da ke dushe saƙon adirenalin da kansa, tamkar an haife su da nasu beta-bulokan. Masu shi ko ba su sha maganin ba sukan rayu kamar masu sha, waɗanda ba su da shi kuwa maganin yana yi musu cikakken aiki. Idan aka haɗa rukunin biyu a lissafi guda, amfanin sai ya bayyana kaɗan.

An yi murna sosai a waɗannan shekaru. An kafa kamfani, ARCA, da nufin bucindolol ya zama maganin zuciya na farko da ake rubutawa bayan gwajin ƙwayar gado. Amma abin bai tafi yadda aka so ba. Tun a 2003 an duba mutum 600 daga MERIT-HF ba a ga gurbi na 389 ya canza komai a kan metoprolol ba, wasu binciken a kan carvedilol ma haka. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi ƙarin hujja a 2009. A 2019 aka buga gwajin GENETIC-AF, inda aka zaɓi masu arginine zalla aka kwatanta bucindolol da metoprolol, kuma a jimlace ba a ga fifiko ba. Aikin Liggett gaskiya ne a ɗakin bincike, kuma ya koyar da abu mai yawa game da makarɓin. Nauyin da aka ɗora masa a bakin gadon mara lafiya ne ya fi ƙarfinsa.

Yayin da ake ta tonon ƙwayoyin gado, amsoshin da suka fi tasiri sun fito ne daga abubuwan da likita ke iya ji da yatsa ko gani a hoton zuciya. A 2009 Finlay McAlister ya tattara gwaje-gwajen gazawar zuciya ya samu cewa ba yawan miligiram ne ke hasashen rayuwa ba, yadda bugu ya ragu ne: duk raguwar bugu biyar a minti na tafe da raguwar haɗarin mutuwa da kusan kashi 18 cikin ɗari. A 2014 Dipak Kotecha da abokansa suka haɗa bayanan mutum fiye da 18,000, suka ga masu bugu mai tsari sun amfana ƙwarai, amma waɗanda ɗakunan saman zuciyarsu ke karkarwa, bugunsu ya rikice, maganin bai rage musu mutuwa ba.

Haka ma bayan toshewar jijiyar zuciya. Gwajin timolol na Nowe a 1981 da na BHAT a Amurka a 1982, wanda ya rage mutuwa daga kashi 9.8 zuwa 7.2 cikin ɗari, su suka sa ake ba duk wanda ya tsira beta-buloka har abada. Amma a lokacin ba a buɗe jijiyar da ta toshe cikin awoyi kamar yau, zuciya kan fito da babban tabo. A 2024 gwajin REDUCE-AMI, wanda aka jagoranta daga Suwidin a kan mutum 5,020 da zuciyarsu ta fito da ƙarfinta, bai ga amfanin maganin ba. A 2025 gwajin REBOOT na Sifen da Italiya ya faɗi haka, wani gwajin na Nowe da Denmak kuma ya ga ɗan amfani. Inda suka fi haɗuwa shi ne cewa gwargwadon raunin da zuciya ta samu, gwargwadon abin da beta-buloka zai yi mata.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya bi mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne kan gaba a sanadi, toshewar jijiya kaɗan ce. CIBIS-II a Turai aka yi shi, MERIT-HF a Turai da Amurka, a kan mutanen da suka fi waɗannan tsufa, akasarinsu masu toshewar jijiya. Abin da aka sani game da GRK5 da gurbi na 389 a baƙar fata kuwa galibi daga baƙaƙen Amurka aka samo shi, kuma binciken Harare da na Adis Ababa sun isa su hana mu ɗaukar sakamakon nan yadda yake mu ɗora wa Bakano ko Badamagare.

A 2024 ƙungiyar CPIC, wadda ke tace hujjoji ta shawarci likitoci kan amfani da gwajin ƙwayar gado, ta fitar da jagorarta a kan beta-buloka. Ta auna CYP2D6 da makarɓan beta da GRK5 da wasu 'yan kaɗan. Game da makarɓan da GRK5 ta ce hujja ba ta kai a gina shawara a kanta ba. Shawara ɗaya tak ta canza wani abu, kuma a kan mutane irin Robert Smith ce, waɗanda hantarsu ba ta da CYP2D6: idan za a ba su metoprolol, a fara da mafi ƙanƙantar awo, a ƙara a hankali ana ƙirga bugun zuciya, ko kuma a zaɓa musu wani beta-bulokan da ba ta wannan hanya yake fita ba.